Kuɗin Cefane Da Lissafin Shekara: Ina Samun Magidancin Zango Yake Shiga?

Duk wanda ya bi ta Alabar da sassafe ya gangara Kejetia ba zai yarda a ce masa mutanen Zango ba sa nema ba. Tun kafin a idar da sallar asuba masu koko da ƙosai sun hura wuta, masu wake da shinkafa sun ɗora tukunya, mahauta sun kama hanya, direbobi suna kiran fasinja, masu gadi kuma suna haramar komawa gida bayan sun kwana ido biyu a bakin kantunan Adum. Daga Aboabo zuwa Asawase, daga Sawaba zuwa Akwatia Line, kowa ya fito neman halalinsa. To amma da wata ya kai kwana ashirin, sai ka ji maganar gidaje da yawa ta zama iri ɗaya.

"Malam, kuɗin nan fa ba za su kai ba."

"Haba, ba haka na ba ki jiya ba?"

"Haka ka ba ni. Amma gawayi ya ƙare, ga Alhaji mai gidan nan ya aiko a kan kuɗin wuta."

Daga nan sai maigida ya sa kai ya fita ransa a ɓace, uwargida ta bi shi da kallo. Shi yana ganin ba ta iya tattali ba, ita kuwa tana ganin yana ɓoye mata samunsa. Mun ga auren da irin wannan 'yar magana ta girma har ta kai shi gaban liman. Shi ya sa a wannan watan muka ga ya dace mu zauna da masu karatu mu yi lissafi tare, mu gano inda kuɗin suke shiga, da kuma abin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya yi a kai.

ABIN DA YA SAMI SIDI

Da farko dai a yi wa uwargida adalci. Ba ita ta cinye kuɗin ba, sidi ne ya rame. A farkon shekarar 2022 dala ɗaya tana wajen sidi 6, kafin shekarar ta ƙare ta haura sidi 14 a wajen masu canji. A watan Disamba na wannan shekarar hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, wato abin da ka saya sidi 100 bara ya koma sidi 154. Wannan ce ta sa gwamnati ta nufi Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wanda ya amince da rancen dala biliyan 3 a watan Mayu na 2023.

A shekarar 2025 al'amura sun ɗan lafa. Sidi ya farfaɗo, kuma a watan Satumba hauhawar farashi ta sauko ƙasa da kashi 10 cikin ɗari. To a nan ne magidanta da yawa suke yin kuskure. Sukan ji a rediyo an ce hauhawar farashi ta sauko, sai su dawo gida suna tambaya me ya sa cefane bai sauko ba. Saukowar hauhawa ba saukowar farashi ba ce. A ce olonka ɗaya ta tashi daga sidi 20 zuwa 30 a shekarar tsanani. Idan bana hauhawar ta tsaya a kashi 5 cikin ɗari, olonkar za ta koma sidi 31 da rabi ne, ba za ta dawo 20 ba. Motar ta rage gudu ne kawai, ba baya ta yi ba.

Akwai kuma gidajen da farfaɗowar sidi ta taɓa ta wata fuska, wato masu 'ya'ya a Jamus, Italiya, Amurka ko Saudiyya. Dala 100 da aka aiko a watan Afrilu na 2025 ta ba da wajen sidi 1,500, amma zuwa watan Yuni da ƙyar ta wuce 1,000. Darasin a nan shi ne, kuɗin aike taimako ne, bai kamata a ɗora tukunyar gida a kansu ba.

KUƊI KULLUM, HIDIMA SHEKARA-SHEKARA

Duk da haka, ba tsada kaɗai ke karya magidanci ba. Idan muka duba da kyau, samunmu yana zuwa ne kullum ko wata-wata, amma manyan hidimomin da ke kayar da mu shekara-shekara suke zuwa, kuma a dunƙule. Mai albashi yana lissafin kwana talatin, ɗan tireda yana lissafin cinikin yau, alhali kuɗin haya, da komawar yara makaranta, da azumi, da Sallah biyu, da biki da suna da rasuwa, duk suna nan tafe. Babu ɗaya daga cikinsu da ke zuwa ba zato, in ban da ciwo da mutuwa, amma kowace shekara sai mu tarbe su kamar baƙin dare.

Mu ɗauki haya, domin ita ce babbar. Dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar kuɗin da suka wuce na wata shida gaba ɗaya, kuma akwai ofishin da ke sauraron ƙorafi, wanda kowa ya sani da Rent Control. Amma kowa ya san abin da ake yi a Kumasi: shekara ɗaya ko biyu ake nema, in ba ka da su ga wani a bayanka yana jira. A watan Janairu na 2023 gwamnati ta ƙaddamar da wani shirin taimakon haya a wasu jihohi, ciki har da Ashanti, inda za a biya wa mutum kuɗin a dunƙule shi kuma ya riƙa biya wata-wata. Sai dai an nemi shaidar samun kuɗi a kai a kai, abin da ba kowane mai tebur a kasuwa ke iya nunawa ba. Saboda haka yawancinmu kanmu za mu dogara da shi.

Wanda ya biya hayar shekara biyu yakan ji kamar an sauke masa dutse, sai ya manta da maganar har wata ashirin su wuce. Ranar da takardar mai gida ta iso, a ranar ake fara zagayen 'yan'uwa, a sayar da keken ɗinki, ko a taɓa jarin uwargida. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Hayar da za a biya baɗi, daga gobe ake fara tara ta.

MU YI LISSAFI

Ga misali, kuma muna roƙon mai karatu ya cire namu alƙaluman ya sa nasa, domin ba gida biyu da suke daidai. A ce magidanci ne mai mata ɗaya da 'ya'ya uku, yana zaune a ciki da falo a gidan haya, yana aiki a wani kanti ana biyansa sidi 1,800 a wata. Uwargida tana koko da ƙosai, tana samun ribar sidi 40 a rana, kwana 26 a wata, wato sidi 1,040. In an haɗa, sidi 2,840 ke shiga gidan. Idan ka raba su gida talatin, sai ka ga kamar suna da wajen sidi 95 na kashewa kowace rana. Wannan shi ne lissafin da zuciya take yi ranar da albashi ya shigo.

Yanzu mu jera hidimomin shekara:

Haya, sidi 250 a wata: 3,000
Kayan makaranta, littattafai, takalma da kuɗin Islamiyya: 1,200
Azumi da Sallah biyu: 1,500
Gudummawar biki, suna da rasuwa: 600
Sabunta katin asibiti da magani: 600
Jimla: 6,900

Idan aka raba 6,900 gida goma sha biyu, sidi 575 ke nan a wata, ko kuma wajen sidi 19 a rana. Waɗannan kuɗi ba na magidanci ba ne ko da suna cikin aljihunsa. Masu su suna nan zuwa.

Sai na wata-wata:

Wuta, ruwa, shara da bayan gida: 200
Kuɗin mota: 250
Gawayi ko gas: 150
Katin waya: 60
Abin da ake aika wa iyaye: 100
Jimla: 760

In ka cire 575 da 760 daga 2,840, abin da ya rage sidi 1,505 ne. Ka raba shi gida talatin, sidi 50 a rana. Wannan shi ne ainihin kuɗin cefanen gidan, sidi 10 a kan kowane mutum, ba 95 ba. Tsakanin 95 da 50 ɗin nan, nan ne bashi yake samun ƙofar shiga. Gidan da ya ci 70 a rana yana ganin ya yi tsimi, alhali kullum yana cin sidi 20 daga cikin kuɗin haya bai sani ba.

Tun da aka sauya kuɗi a watan Yuli na 2007, aka mai da tsohon sidi 10,000 ya zama sabon sidi ɗaya, har yau wasu iyayenmu a kasuwa miliyan ɗaya suke kiran sidi 100. Babu laifi, kowa ya yi lissafi da harshen da ya saba. Abin da muke roƙo shi ne a rubuta, ko da boko ko da ajami, a littafin makaranta na 'yan kuɗi kaɗan. Kuma a rubuta tare. Mun san akwai mazan da ke ganin faɗa wa mace albashi zubar da girma ne, akwai kuma matan da ke ganin in miji ya san ribarsu zai janye hannunsa daga cefane. Kowannensu yana da dalilinsa. Amma matar da ba ta san samun mijinta ba za ta auna shi ne da na maƙwabci, shi kuwa mijin da bai taɓa tsayawa gaban mai tumatir ba zai ci gaba da ba da kuɗin 2021 yana jiran miyar bana.

INA ZA A AJIYE?

Sanin sidi 19 ɗin nan abu ɗaya ne, raba su da hannu kuma wani abu ne daban. Kuɗin da ke ƙarƙashin katifa suna jin sallamar kowane baƙo. Shi ya sa iyayenmu mata suka riƙe susu da adashi, kuma ba su yi kuskure ba.

Mai susu yakan zagayo kullum ya karɓi abin da kuka yi alkawari ya sa hannu a kati. Katin yana da gurbi 31, ɗaya nasa ne ladan wahalarsa. Mai zuba sidi 20 zai zuba 620 ya karɓi 600. A shekara ladan ya kai sidi 240, ba kaɗan ba ne, amma mutane da yawa sun gwammace su biya, domin mai susu yana tsare musu kuɗin ne daga hannun kansu. Abin lura shi ne, tun 2011 Babban Bankin Ghana ya shigar da masu susu cikin tsarinsa, ya ce su kasance a ƙarƙashin ƙungiyarsu ta ƙasa. Kafin ka miƙa kuɗinka, tambayi shaidar rajistarsa, ka san gidansa, ka san waɗanda suka daɗe suna zubi a wajensa. Kuma in wata ya cika ka karɓa, kada kuɗin su kwana a ɗaki, a wuce da su inda aka tanada domin haya.

Adashi kuwa ba shi da lada mai yawa, amma ƙarfinsa amana ce. Dabarar da muka ga wasu mata suna yi ita ce, tun ranar da za a fara sai su nemi a sa kwasarsu ta faɗo daidai watan biyan haya ko komawar yara makaranta. Wadda ta karɓi kwasa ba tare da ta san abin da za ta yi da ita ba, a kantin atamfa takan ƙare.

Ajiya a waya ma ta samu sauƙi. Harajin nan na E-Levy da aka fara cirewa a watan Mayu na 2022, kashi 1.5 cikin ɗari, aka rage shi zuwa kashi 1 a 2023, an soke shi a watan Afrilu na 2025. Sai dai kuɗin MoMo suna kusa da yatsa ƙwarai. Wanda zai tara haya a waya, gara ya ware layi dabam wanda ba ya yawo da shi, kuma kada ya faɗa wa kowa lambar sirrinsa, ko da mai kiran ya ce daga kamfani yake.

Wurin da ba za a kai kuɗin haya ba shi ne wurin da aka yi alkawarin riba mai yawa cikin ɗan lokaci. Ba mu manta da DKM ba a 2015, ba mu manta da Menzgold ba a 2018. A ranar 31 ga Mayu, 2019, Babban Bankin Ghana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ajiya da ba da rance 347 a rana ɗaya, mutane suka yi ta jiran kuɗinsu. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Haka kuma kada a mai da shago banki. Gobarar sabuwar kasuwar Kejetia a watan Maris na 2023, da ta Adum a watan Maris na 2025, sun nuna mana yadda wahalar shekaru take zama toka kafin azahar.

JARI DABAM, CEFANE DABAM

A misalin da muka kawo, fiye da kashi ɗaya cikin uku na samun gidan daga tukunyar uwargida yake fitowa. Haka abin yake a gidajen Zango da yawa, ko da ba a faɗa. To amma wannan tukunya ita ce aka fi yi wa kisan mummuƙe. Yara su karya da ƙosan sayarwa, baƙon maigida a zuba masa koko, maƙwabciya ta karɓi bashi, maigida ya ce a ranta masa kuɗin mota zai mayar da yamma. Babu wanda ya yi niyyar cuta, amma bayan wata uku sai a ga mai sayen gero olonka goma ta koma sayen biyar, daga nan sai karɓar kaya bashi a wajen dillaliya, daga nan sai a ji ta daina sana'a.

Matan Tonawa da muke zaune da su a kasuwa suna da tsanani a kan wannan, ba sa wasa da uwar kuɗi, kuma ya kamata mu ɗauki darasi. Kowace rana in an tashi, a fara ware kuɗin kayan gobe, abin da ya rage shi ne riba. Abin da gida ya ci daga sana'a a ƙiyasta shi a sa cikin kuɗin cefane. Maigidan da ya ranci kuɗin jari ya mayar kamar yadda zai mayar wa wani a waje. Ciyarwa dai a wuyansa take, abin da ta kawo taimako ne, kuma in jarin ya mutu shi ne farkon wanda zai ji a jikinsa.

SAYE A KAN KARI

Mu da muke zaune a bakin Kejetia muna da wata dama da mutanen wasu garuruwa ba su da ita, domin nan ne kaya suke sauka kafin a rarraba su. Amma sai ka ga gidan da ke tafiyar minti goma daga kasuwa yana sayen shinkafa gwangwani-gwangwani da mai cokali-cokali a bakin lungu. Mai sayen kaɗan-kaɗan shi ya fi kowa biya da tsada, domin kowane hannu da kayan suka bi sai ya ɗora ribarsa.

Mun san amsar da za a ba mu: ina kuɗin buhu? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gida huɗu a cikin gidan haya ɗaya za su iya haɗa kuɗi su sayi buhun shinkafa, ko jarkar mai, ko buhun gawayin Kintampo, su raba da olonka a tsakar gida kowa yana gani. Mai albashi kuma, ranar da aka biya shi ya fara sayen abin da ba ya lalacewa, masara, wake, gari, sabulu, sai ya zama kuɗin kullum na kayan miya ne kawai. Gidan da ke da hatsi a ɗaki, ko wata ya yi nisa ba a kwana da yunwa.

Sai kuma sanin lokaci. Masarar Ejura da Techiman takan yi sauƙi bayan girbi, wajen Agusta da Satumba. Gero da dawa da wake na arewa sukan shigo daga Oktoba zuwa Disamba. Daga Mayu zuwa Yuli kuwa komai yakan yi wuta. Mai wurin ajiya ya saya a lokacin araha, ya shanya da kyau saboda ƙwari. Tumatir da barkono ma in sun yi yawa ana iya shanya su ko a niƙa a tafasa. Kuma mu tuna yawancin albasar da muke ci daga Nijar take zuwa, tumatirin rani kuma daga Burkina Faso. Lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar a watan Yuli na 2023, motocin albasa sun maƙale a hanya, farashi ya tashi a nan Kumasi. Uwargidan da ta iya sauya miya idan abu ɗaya ya yi tsada, ta fi wadda ta dage sai shi.

ƘANANAN RAMUKA

Da yayyafi kogi kan cika, da ɗigo kuma randa kan ƙare. A gidajen haya masu mita ɗaya, inda ake raba kuɗin wuta bisa yawan ƙwai da fanka da firiji da dutsen guga, rigima ba ta ƙarewa. Ya kamata a zauna a sake ƙirga kayan kowa duk bayan 'yan watanni, a manna lissafin a bango. Katin waya na sidi 5 kullum, sidi 150 ne a wata, fiye da rabin hayar da muka sa a misalinmu. Cacar ƙwallo da ta shiga wayoyin samarinmu, har da wasu magidanta, ba sai mun tsaya faɗin hukuncinta ba, kowa ya sani. Abin da za mu ce kawai shi ne, in da masu zubawa ne ke ci, da kamfanonin ba su yi ta buɗe sababbin rassa ba.

Rancen waya shi ma rami ne mai santsi. Danna lamba kaɗan kuɗi sun shigo, ba shaida ba jingina. A ce ana ɗora sidi 7 a kan kowane 100 a wata. Wanda yake biya yana sake karɓa kowane wata, a shekara ya biya sidi 84 a kan 100 ɗin da har yanzu ana binsa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma bashin da aka ci don a yi miya, gobe ma sai an sake cin wani.

Akwai kuma kuɗin da rashin kashe su ne asara. Katin inshorar lafiya, wanda aka kafa dokarsa a 2003, ana sabunta shi ta waya da lambar *929#. In aka bar shi ya mutu ya daɗe, sai an yi jira kafin ya soma aiki, ciwo kuwa ba ya jira. Katin bai ɗauke komai ba, amma wanda ya taɓa kai yaro asibitin Manhyia ko Komfo Anokye da dare babu kati ya san bambancin. Haka nan karatun sakandare kyauta da aka fara a watan Satumba na 2017 ya ɗauke kuɗin makaranta, amma akwati da katifa da guzuri suna kan iyaye. Mai ɗa a ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare ya fara sayensu ɗaya bayan ɗaya tun sakamako bai fito ba.

BIKI, YAYI DA SALLAH

Yanzu mun zo inda magana take da nauyi. Zumunci shi ne arzikin Zango. Kakanninmu da suka biyo hanyar goro ta Salaga suka zauna a nan ba su da gona ba su da dangi, junansu suka riƙa. Wanda ya je wa mutane, shi ake zuwa wa ranar tasa. Saboda haka ba mu ce a daina gudummawa ba, shi ya sa ma muka ba ta gurbinta a lissafin shekara. Abin da muke cewa shi ne a sa mata iyaka.

Yayi ya zama wa mata da yawa bashin da ba ya ƙarewa. Kowane aure da nasa zane, wani ma kala biyu ko uku, ga ɗinki, ga kuɗin liƙi. Matar da ribarta sidi 40 ce a rana, in ta yi yayi shida a shekara, ta yi wa masu kanti aikin wata biyu ko fiye. Kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa. A zaɓi na 'yan'uwa na jiki a yi, sauran a je da abin da ake da shi a cikin akwati, a miƙa gudummawa a hannu, ita ce ma za ta amfani amarya. Muna kira ga masu biki su ma su tausaya, kuma ga sarakunanmu da limamai da shugabannin ƙungiyoyin mata su ci gaba da jan hankali, domin mace ɗaya ba ta iya karya al'ada ita kaɗai sai a ce rowa ce.

Haka zancen rago. Malamai sun sha faɗa mana cewa layya a kan mai hali take, kuma mutum bakwai suna iya tarayya a kan saniya ɗaya. Amma duk shekara sai mun ga wanda ya ci bashi ya sayi rago don kada yara su ga na maƙwabta, ya kwashe wata huɗu yana biya. Wanda yake son yin layya ya fara zubinta tun bayan wannan Sallar. Kayan Sallar yara kuma a saya a kai wa tela tun kafin azumi, lokacin da yadi bai tashi ba tela kuma bai fara ɓoye wa mutane ba.

INDA LISSAFI YA TSAYA

Ba za mu rufe ba sai mun faɗi gaskiya ɗaya. Lissafi ba ya haifar da kuɗi. Mafi ƙarancin albashi da aka tsayar a ƙasar nan a shekarar 2025 sidi 19.97 ne a rana, wato kusan daidai da abin da gidan misalinmu yake warewa domin hidimar shekara kaɗai. Akwai masu gadi da masu shara da 'yan mata masu ɗaukar kaya a Kejetia, akwai zawarawa masu marayu, waɗanda ko sun rubuta littafi goma ba za su ga abin ragewa ba. Faɗa wa irin waɗannan su yi tsimi kamar izgili ne.

Nauyinsu yana kan sauranmu. Mai gidan haya da zai iya karɓar wata shida ko wata-wata, ya yi, ko da mun san wasu masu gidajen su ma da hayar suke ci. Mai kanti ya biya yaransa a kan lokaci, domin jinkirin kwana goma shi ke tura su wajen rance. Mai zakka ya fara duba lungunsa, kuma ya fi kyau a ba mutum ɗaya abin da zai zama jari da a watsa wa mutum hamsin abin da zai ƙare a yini. Dattawanmu da suka ga 1983, shekarar fari da gobarar daji da dawowar 'yan ƙasa kusan miliyan ɗaya daga Nijeriya, lokacin da ƙashin wuya ya fito har ana kiransa sarƙar Rawlings, sukan ce abin da ya fid da Zango shi ne ba a rufe ƙofa in an sauke tukunya.

Ga wanda Allah ya ba abin da za a iya lissafawa kuwa, komai ƙanƙantarsa, shawararmu ita ce kada a jira farkon shekara ko ƙarin albashi. Yau da dare bayan sallar isha'i, in yara sun kwanta, maigida da uwargida su ɗauko littafi, su fara da tambaya ɗaya: wane wata hayarmu za ta ƙare, kuma nawa ya kamata mu ware gobe? Muna maraba da wasiƙun masu karatu a kan dabarun da suka gwada a gidajensu, musamman iyayenmu mata, domin sun fi mu sanin wannan fage.

Allah ya sa albarka a cikin abin da muke samu, ya rufa mana asiri, amin.